Jajiyoyin Nana Asma'u da Matan da Aka Kamo

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Shagari zai ratsa ƙasar Bodinga, inda Sifawa take. Nan Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Mun saba rubutu kan yaƙe-yaƙen wancan zamani, amma ba mu cika tambayar makomar matan da aka kamo ba, musamman bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808.

Da yawansu sun tsinci kansu a gidajen da ba nasu ba, ga kewa, ga bori da suka taso da shi. Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru. Ta zaɓi manyan mata daga ƙauyuka, wato jajiyoyi, ta ɗora musu malfa da jan rawani, irin adon Innar Gobir, uwar 'yan bori. Dubi dabara! Sukan tako a ƙafa, su haddace waƙoƙinta, su koma su koyar da mata, ba albashi. Bayan rasuwarta a 1864, ƙanwarta Maryam ta ci gaba.

A 2019 gidajen yari suka koma "gidajen gyaran hali". Matar da aka sako daga can, sau da yawa dangi ma gudunta suke yi. Mun duba labaranmu, ba mu ga jajin da ta tarbe ta ba.