Fitilar iskar taya a tablon mota: abin da take faɗi, da inda take yin shiru

Direbobi da yawa a nan Ƙonni, Malbaza da Illela sun saba da wata ƴar fitila mai ruwan ɗorawa da ke kamawa a tablo, gaban sitiyari. Siffarta kamar randa ce mai zane-zane a gindi, da alamar motsin rai a tsakiya. Wasu na ɗaukarta fitilar mai, wasu na cewa iskancin motar Turai ne kawai, wasu kuma sun manna mata baƙin salatif sun huta da ganinta. Wannan fitila ta iskar taya ce, ana kiran tsarinta TPMS. Mun tattaro muku bayaninta ne domin a lokacin bazara, da kwalta ke ɗaukar zafi, taya marar isasshiyar iska na iya fashewa ana cikin gudu, kuma rayukan mutane ne a cikin motar.

Daga ina ta samo asali

Motar farko ta fasinja da aka sa wa irin wannan na'ura ita ce Porsche 959, a shekarar 1986. Amma abin da ya mai da ita dole haɗurra ne. A ƙarshen shekarun 1990 tayoyin Firestone da ke kan motocin Ford Explorer sun riƙa ɓarewa ana cikin tafiya, motoci na kifewa, mutane fiye da 200 suka rasa rayukansu a Amurka. Abin ya fi tsanani a yankuna masu zafi, har da ƙasashe irin su Saudiyya da Benezuwela, kuma ƙarancin iska na cikin dalilan da aka gano. A watan Agustan 2000 kamfanin ya janye tayoyi miliyan 6.5, a shekarar kuma majalisar Amurka ta yi dokar da ake kira TREAD. Daga 1 ga Satumban 2007 duk sabuwar ƙaramar mota da za a sayar a Amurka sai tana da wannan na'ura. Tarayyar Turai ta bi sahu, ta wajabta ta ga dukkan sababbin motocin fasinja daga Nuwamban 2014.

Shi ya sa Corolla, Camry, RAV4 ko Highlander da suka fito daga Amurka, aka sauke su a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko Lome, suke da fitilar, alhali tsofaffin Hiace da ke jigila tsakanin Ƙonni da Tawa ba su da ita.

Iri biyu ne

Iri na farko yana da ƴar na'ura a cikin kowace taya, wadda makanikai ke kira sansa. Galibi tana manne da bakin iska daga ciki, kuma tana da ɗan batirinta. Ita ce ke auna iska ta aika wa mota saƙo ta iska kamar rediyo. Wasu motocin har suna nuna adadin iskar kowace taya a tablo. Mafi yawan Toyota ƴan Amurka wannan irin gare su.

Iri na biyu ba shi da kome a cikin taya. Yana amfani da na'urar birkin ABS mai ƙirga juyawar ƙafafun mota. Tayar da iskarta ta ragu takan ɗan ƙanƙance, sai ta riƙa juyawa fiye da sauran, daga nan mota ke ganewa. Ana samun wannan a motocin Volkswagen da Honda da dama. Ba shi da batirin da zai mutu, sai dai duk lokacin da aka ƙara iska ko aka sauya taya, dole a danna masa maɓalli a sanar da shi cewa ga daidai.

Yadda ake karanta fitilar

Fitila ɗaya ce amma magana biyu take yi, kuma nan ne mutane suka fi rikicewa.

In kun tada mota ta kama na ƴan daƙiƙoƙi tare da sauran fitilu ta mutu, lafiya lau, gwaji ne.

In ta kama ta tsaya cak ba ƙyaftawa, iska ta yi ƙasa a taya ɗaya ko fiye. A motocin Amurka tana kamawa ne in iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari daga abin da kamfani ya tsara, a na Turai kuma kashi 20.

In ta yi ta ƙyaftawa kamar na minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi sannan ta tsaya a kunne, kuma haka take yi kullum aka tada mota, to na'urar ce da kanta ta samu matsala. Ko sansa ta mutu, ko ta karye, ko mota ba ta jin saƙonta. A wannan hali ko taya ta sace sarai ba za ta iya gaya muku ba.

Me ya sa take yawan kamawa a wajenmu

Na farko, sanyin hunturu. Iska na takurewa da sanyi, tana buɗewa da zafi. Duk saukar zafi da digiri 10, taya na rasa wajen bar 0.1, wato abin da masu faci ke cewa kilo. A watannin Disamba da Janairu, da asuba zafi kan sauko wajen digiri 15, da rana ya haura 30. Tayar da dama iskarta na bakin iyaka sai ta kunna fitila da sassafe, kafin a kai Tsarnawa ta mutu da kanta don taya ta ɗumama. Mutuwarta ba ya nufin matsala ta wuce. Tayar na buƙatar iska.

Na biyu, shekaru. Batirin sansa kan yi shekara 5 zuwa 10, kuma a rufe yake ruf, ba a sauya shi shi kaɗai, sai dai a sauya sansar gaba ɗaya. Motar da aka ƙera a 2008 ko 2012 ta riga ta wuce wannan wa'adi. In ɗaya ta mutu, sauran ma suna hanya, tun da rana ɗaya aka sa su.

Na uku, wurin faci. Yawancin masu facinmu da hannu suke cire taya, da ƙarafa da guduma. In ƙarfe ya shiga daidai bakin iska, sansa ta karye ke nan. Wani lokaci kuma a cire ta a sa bakin iska na roba, ko a zura tif a cikin tayar da ba ta tif ba. Kafin mai faci ya sa ƙarfe, ku gaya masa akwai sansa a ciki, ya fara daga nesa da bakin iska. Magana ɗaya ce, amma tana ceton kuɗi.

Na huɗu, haɗa kayan da ba su san juna ba. Sansar motocin Amurka galibi tana aika saƙo a kan mita 315, ta Turai kuma 433. In aka sayo ƙafar mota ta hannu a Sakkwato ko Maraɗi, ko da ta zauna daram, mota na iya kasa jin sansarta. Ko wadda ta dace ma, a motoci da yawa sai an yi mata rajista da na'urar kwamfuta ta makanike.

Na biyar, rairayi. Masu shiga ƙauyukan Illela da Tajaye kan rage iska don mota ta haye yashi, kuma dabara ce mai kyau. Haɗarin shi ne a fito kwalta a Badagishiri a taka mota ba a mayar da iskar ba. Nan fitilar gaskiya take faɗi.

Akwai kuma safaya. Wasu manyan motoci masu cikakkiyar safaya suna da sansa a cikinta. Sai a auna tayoyi huɗu a ga lafiya, fitila ta ƙi mutuwa, ashe ta bayan ce ta sace.

Inda take yin shiru

Ko na'urar na aiki daidai, akwai abubuwan da ba ta gani. Motar da aka tsara wa PSI 32, wato wajen bar 2.2, fitilarta ba za ta kama ba sai iska ta sauko wajen PSI 24. Kafin nan taya ta daɗe tana cin gefenta, mota na ƙara shan mai, birki na ƙara nisa. Taya marar iska gefenta na lanƙwashewa a kowane juyi, wannan lanƙwasa ke haifar da zafi a cikinta har igiyoyinta su rabu da roba. Ku haɗa wannan da kwaltar watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40.

Ba ta san nauyin kaya ba. Motar da aka cika da buhunan albasar Galmi ko simintin Malbaza na buƙatar iska fiye da wadda ke tafiya wayam, kuma motoci da yawa an rubuta musu adadi biyu, na kaya da na babu kaya.

Ba ta hango rami. Tayar da ta daki bakin kwalta ta fashe nan take, fitila sai dai ta kama bayan aikin gama ya gama.

Ba ta san tsufan taya ba. Wannan ku za ku duba: a gefen taya, bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta. In kun ga 2319, mako na 23 ne na shekarar 2019. Masu sayen tayar hannu su riƙe wannan, domin roba na bushewa ko da zanenta na nan.

Iri na biyu kuwa yana da nasa rauni. In aka danna maɓallinsa alhali iska na ƙasa, zai ɗauki wannan ƙarancin a matsayin daidai. Tsofaffin irinsa ma ba sa ganewa in tayoyi huɗu sun ragu tare.

Abin da ya kamata a yi

In fitila ta kama kuna cikin tafiya, kada ku taka birki da ƙarfi. Ku sassauta a hankali, ku sauka gefen hanya inda babu haɗari, ku duba. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a nan ido na cin amana: tayar zamani na iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta ta ci gaba da tsayawa kamar lafiyayya. Buga ta da ƙafa ma ba awo ba ne. Geji ne alƙali.

Adadin iskar da ya dace yana rubuce a wata ƴar takarda a jikin ƙofar direba, wasu motocin Turai kuma a murfin tankin mai. Wanda ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ne, kada a bi shi. Mu da ke bakin iyaka mu lura da ma'auni: a nan ana ƙirga da kilo, a tsallake, Illelar Najeriya da Sakkwato, da PSI. Kilo ɗaya daidai yake da PSI 14.5.

A auna da safe kafin mota ta yi tafiya, ko bayan ta huta awa 3. In an zo daga tafiya mai nisa, iska kan nuna ƙarin wajen kilo 0.3, kuma haka ya kamata. Kada a rage ta don tsoron fashewa, domin in taya ta huce za ta koma ƙasa da ƙa'ida. Bayan an ƙara iska, wasu motocin sai an yi tafiyar ƴan mintoci kafin fitila ta mutu.

Wanda sansarsa ta mutu kuma hali bai ba shi ya sauya yanzu ba, motarsa za ta yi tafiya, amma ya san cewa mai gadinsa ya yi barci. Shi da mai tsohuwar motar da ba ta da fitilar gaba ɗaya, hukuncinsu ɗaya: su ajiye geji a mota, su auna tayoyi biyar duka aƙalla sau ɗaya a wata, da kuma duk ranar da za a ɗauki hanyar Yamai, Tawa ko Maraɗi. Fasinjoji ma suna da haƙƙin tambaya in sun ga fitilar a kunne kafin mota ta bar tasha.

Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gida lafiya.