Hans Berger, likitan da ya fara jin kiɗan ƙwaƙwalwa

Tarihinmu na wannan mako daga ƙasar Jamus ya fito, kuma faɗuwa daga kan doki ce mafarinsa.

An haifi Hans Berger a 1873. Yana ɗan shekara kusan 20 ya shiga sojan doki. Wata rana ana atisaye, dokinsa ya yi tutsu ya kayar da shi a gaban dawakin da ke jan igwa. Allah ya yi da sauran kwana, aka tsayar da su kafin su tattake shi. A ranar nan, 'yar'uwarsa da ke can gida nesa ta ji gabanta yana faɗuwa, ta matsa wa mahaifinsu sai da ya buga masa tangaraho yana tambayar lafiyarsa. Abin ya tsaya wa Berger a rai. Ya ɗauka tsoron da ya ji ne ya tashi daga kansa ya isa wurinta. To, wane irin ƙarfi ne a cikin kai da zai yi wannan tafiya? Neman amsa ya sa ya ajiye burinsa na ilimin taurari, ya kama karatun likita a jami'ar garin Yena, ya gama a 1897.

Ya fara da auna jinin da ke shiga ƙwaƙwalwa da kuma zafinta, shekara da shekaru, bai samu abin kirki ba. Sai ya koma kan lantarki. Tun 1875 wani likitan Ingila, Richard Caton, ya nuna akwai ɗan lantarki a ƙwaƙwalwar zomo da biri, amma ba wanda ya auna na mutum. Wahalar ita ce lantarkin ƙanƙane ne ƙwarai, ga ƙoƙon kai ya rufe shi. A watan Yuli na 1924 Berger ya yi nasara a kan wani yaro ɗan shekara 17 da aka yi wa aikin tiyata a ka. Daga baya ya riƙa liƙa wayoyi a fatar kai ba tare da yanka ba, kuma ɗansa Klaus na cikin waɗanda ya fi gwadawa.

Ga abin da ya gani. In mutum ya zauna shiru ya rufe ido, layin da na'urar ke zanawa yakan riƙa hawa da sauka a tsare, kamar sau 10 a sakan guda. Ya sa masa suna alfa. Da zarar mutumin ya buɗe ido, ko aka ba shi lissafi ya yi da ka, sai wannan kiɗa ya lafa, wani ƙarami mai sauri ya bayyana, shi ne bita. Wato a karon farko an ga alamar mai da hankali a kan takarda. Makiyayin da ke hutawa a inuwa, da ya ji motsi cikin garke ya zabura, irin wannan canji ne ke faruwa a kansa.

Berger mutum ne mai kokwanto. Shekara 5 ya yi yana sake gwaji a ɓoye kafin ya wallafa sakamakon a 1929. Ko da ya wallafa, masana suka yi biris, wasu suka ce hayaniyar na'ura ce kawai. Sai a 1934 Edgar Adrian da Brian Matthews na jami'ar Kambirij suka maimaita gwajin, suka tabbatar gaskiya ya faɗa.

Wasu suka ɗora daga nan. A 1965 Jamusawa biyu, Kornhuber da Deecke, suka ba da rahoton cewa lantarkin ƙwaƙwalwa yakan fara tashi kusan sakan guda kafin mutum ya motsa yatsansa da gangan. Daga nan aka buɗe muhawarar da ba ta ƙare ba har yau: yaushe ne ainihin mutum yake yanke shawara?

Amma tarihi ba ya rufa wa kowa asiri. A zamanin mulkin 'yan Nazi, Berger ya zauna a kotun da ke duba hukuncin hana masu taɓin hankali da wasu majinyata haihuwa da ƙarfin tsiya. Ya yi ritaya a 1938, baƙin ciki da rashin lafiya suka rufe shi, ya kashe kansa a 1941. Saƙo daga zuciya zuwa zuciya da ya fita nema kuwa, bai taɓa iya nuna shi ba.

Abin da ya bari shi ne na'urar da likitoci ke kira EEG. Da ita ake duba mai farfaɗiya a manyan asibitoci, domin farfaɗiya rikicewar wannan lantarki ce. Ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓa jiki, kuma akwai magungunan da ke tsayar da ita ga mafi yawan masu fama da ita. In akwai yaro mai faɗuwa a rugarku ko a gidanku, kada a ɓoye shi, a kai shi asibiti. Gwajin ba zafi, ba a sa wa mutum wuta, sauraron kan kawai ake yi.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.