Marubutan da Suka Ceci Littattafan Bilna

A shekarar 1925 ne masana Yahudawa suka kafa cibiyar YIVO a Bilna, babban birnin Lituweniya a yau, domin nazarin harshen Yidish. Talakawa ne suka riƙa aiko mata da waƙoƙi da tatsuniyoyi da karin magana. Bayan 'yan Nazi sun kama birnin a 1941, sai suka tilasta wa wasu Yahudawa, har da sha'iri Abraham Sutzkever, su tace littattafan: kaɗan a kai Jamus, sauran a niƙe. Su kuwa suka dinga sace takardu cikin tufafinsu suna ɓoyewa, alhali hakan na iya jawo kisa. A 2017 an sake gano kimanin shafuka 170,000. Ashe adana rubutu ma aikin marubuci ne.