Daga Liyari Zuwa Anini: Yadda Ake Duba Tsohon Kuɗi

Mu da asalinmu yake Ƙofar Ran ta birnin Bauchi, da wuya ka shiga gidan dattijo a cikinmu ka rasa ɗan gwangwani ko tsumma a ƙasan adaka, ɗaure da kwabbai masu huji da sulalla na zamanin Turawa. Yawanci sai ranar rabon gado ake tunawa da su. Wani ya ce a ba yara su yi wasa, wani ya ce ai dukiya ce, ya ji ana sayen kwabo ɗaya da kuɗin mota. Duka biyun ba su duba ba. Alhali duba kuɗi sana'ar kakanninmu ce, tun Bature bai zo ba.

Lokacin da Malam Yakubu ya kafa Bauchi ya ja mata ganuwa, a farkon ƙarni na 19, wuri shi ne kuɗin ƙasar Hausa. Ƙirga shi ake yi, 20,000 su cika keso guda. Babban ciniki kuwa, irin na doki ko riga ta sarauta, akan sa liyari, wato azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya. Baturen Jamus Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa ana canjin liyari ɗaya a kan wuri 2,500.

To a nan ne gwanintar fatake take. Liyari yana da nauyin giram 28, kashi 83 cikin 100 azurfa ne. Mai karɓa zai auna shi a tafin hannu, ya buga shi a dutse ya saurari amonsa, sannan ya kai ido kafaɗar sarauniya, inda maɗaurin mayafinta yake, zagaye da 'yan ɗige-ɗige kamar tsakiya. Daga nan har Habasha da Yaman, in ɗige-ɗigen nan sun shafe, to ko dai a ƙi karɓa ko a rage masa daraja. Dalili a fili yake: wurin da ya fi tudu shi yake fara cinyewa, in ya cinye kuwa azurfa ta ragu. Wannan ƙa'ida ita ce dai masu tara tsofaffin kuɗi na duniya suke bi har yau, sai dai su sun sa mata lamba.

Abu ɗaya game da liyari da ya kamata kowa ya riƙe: shekarar 1780 da ke jikinsa ba ta nuna tsufansa. A shekarar ce sarauniyar ta rasu, aka ci gaba da buga shi da wannan lamba ba canji, a Biyana, daga baya har a Landan da Roma da Bombai. Saboda haka in wani ya nuna maka 1780 ya ce kuɗin ya haura shekara 200, mai yiwuwa bai girmi mahaifinka ba. Galibi kuɗin azurfarsa ne darajarsa.

Turawa sun ci Bauchi a 1902. A 1907 aka fara buga kuɗin ƙarfe musamman don ƙasashen nan, kwabo da anini, anini goma su yi kwabo ɗaya. Aninin farko na sanholo ne, yana cikin kuɗaɗen sanholo na farko a duniya, amma bai jure gumi da damina ba, a 1908 aka koma farin ƙarfe. An huda tsakiyarsu don a zura a igiya kamar yadda aka saba, aka sa tauraro mai tsini shida da muke kira hatimin Annabi Sulaimanu, aka rubuta darajar kuɗin da Larabci, don an san da wane rubutu mutanenmu suke karatu. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, a 1913 ta fito da taro da sisi da sule da fataka, na azurfa. Haraji da ladan lebura a haƙar kuza ta Jos su suka tura kuɗin nan lungu-lungu a ƙasar Bauchi.

Sule yana da tarihi uku, kuma dole mai duba ya rarrabe. Na 1913 zuwa 1920 azurfa ne, shi ya sa maƙeran fari suka narke da yawa suka yi zobba da warwaro. Daga 1920 aka koma jan gami mai kama da tagulla. Wannan ya yi saukin kwaikwayo, jabu ya cika kasuwa, har a 1938 aka sake gamin, aka yi wa gefen sule da fataka wani kwari a tsakiya don masu ƙera na ƙarya su kasa. A 1959 Babban Bankin Nijeriya ya fito da namu, taro mai auduga, sisi mai koko, fataka mai gyaɗa, sai Naira da Kwabo suka karɓe su a Janairun 1973.

Yanzu yaya ake duba lafiyarsu? A sule, a dubi kambin sarki da kunnensa, da gemu in Joji na Biyar ne, a juya a dubi ganyen kwakwar manja. In ana ƙirga ganyen ɗaya-ɗaya, kuɗin bai sha hannu ba. A kwabo mai huji, babu hoton sarki, sai a dubi kambin da ke saman hujin, da layukan tauraro, da rubutun Larabcin. Turawan Ingila sun kasa abin hawa-hawa, daga wanda ya shafe sai suna, zuwa mai kyau, zuwa wanda bai taɓa shiga kasuwa ba, yana nan da ƙyallinsa na gidan bugu. Amurkawa kuwa suna bin ma'aunin wani Sheldon na 1949, daga 1 zuwa 70. Kwabo biyu na shekara ɗaya, ɗaya a sayar da shi a kilo, ɗaya a sa shi a gilashi. Akwai kuma 'yan haruffa ƙanana, H ko KN, masu nuna masana'antar da ta buga a Barmingam. Wani lokaci su ne bambancin wanda ya yi yawa da wanda ya yi ƙaranci.

Kada labari ya ruɗe mu. Kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka bai cika shekara a gadon mulki ba, abin sha'awa ne, domin a Ingila kanta ba a fitar da kuɗinsa ba. Amma an buga namu da yawan gaske, don haka ba shi da tsada sai in sabo ne fil. Masu yawo suna cewa akwai wani sinadari a cikin kwabo da Turawa ke nema, ku kawo kuɗin gwaji, wannan damfara ce tsagwaronta.

Ɓarnar da ta fi yawa kuwa da hannunmu muke yin ta. Mu 'yan kasuwa mun saba kaya sai ya yi ƙyalli yake shiga, sai a ɗauko toka da lemun tsami a dirje sule har ya yi fes. A idon mai saye an kashe shi, don dirzar tana barin zane, kuma baƙin da shekaru suka sa masa shi ne shaidarsa. Haka wanda aka huda aka rataya wa amarya, ko aka liƙa masa kunne. Wannan darajarsa ta gida ce, ta tuna kaka, ba ta kasuwa ba.

Shawarar da muke ba magada ita ce, kafin a raba ko a kira ɗan gwangwan, a zube su a kan farin ƙyalle, a riƙa kama kowanne ta gefe, a ware na azurfa daban, a rubuta shekara da haruffan kowanne a takarda, a naɗe masu kyau ɗaya-ɗaya kada su gogi juna. In za a sayar, a ji farashi daga bakin mutum biyu ko uku, a gaban shaidu, musamman in akwai marayu a cikin magadan.