Bahir Dar a damina: Birnin da ke bakin mafarin rikicin Nilu

Bahir Dar, babban birnin jihar Amhara ta ƙasar Habasha, yana gaɓar kudu ta Tafkin Tana, tafki mafi girma a ƙasar. Ma'anar sunan a harshen Amharik ita ce "bakin teku". Daga nan Kogin Abay, reshen Nilu na Habasha, yake fita ya nufi Sudan.

Damina, wadda mutanen ƙasar ke kira kiremt, tana kamawa daga Yuni zuwa Satumba, kuma ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta. Ruwan ya fi sauka da yamma da dare, shi ya sa masu kwale-kwale suka fi son fita da baƙi da sassafe, kafin hadari ya haɗu.

Abin da ya fi jan baƙi shi ne tsofaffin gidajen ibadar Kiristocin Orthodox da ke tsibiran tafkin da gaɓarsa. Ura Kidane Mehret, a yankin Zege mai itatuwan gahawa, an kafa shi tun ƙarni na 14, bangonsa cike da zane-zane. A Daga Estifanos ake ajiye da gawarwakin wasu sarakunan Habasha, ciki har da Fasilides. Wasu wuraren, kamar Kibran Gabriel, ba a barin mata su shiga. Har yau masunta na amfani da tankwa, kwale-kwalen da ake ɗaurawa da ciyawar ruwa.

Kimanin kilomita 30 daga birnin akwai Tis Abay, inda kogin ke rikitowa daga tsayin kusan mita 40. Da rani ruwan kan ragu ƙwarai saboda tashar lantarki da ke karkatar da shi. Sai da damina yake cika, ya yi jawur da laka, feshinsa ya tashi kamar hayaƙi. Hanyar ƙafa zuwa wurin tana da santsi, kuma tana bi ta gadar dutse da aka gina a 1626, zamanin Sarki Susenyos.

Ruwan daminar tsaunukan Habasha shi ne mafi yawan abin da ke isa Masar ta Nilu. Kafin ya isa can, yakan ratsa madatsar GERD da aka fara ginawa a 2011, wadda Masar da Sudan suka daɗe suna jayayya da Habasha a kanta, sannan ya wuce ta Mai Wurno, garin da zuriyar Sarkin Musulmi Attahiru na I ta kafa a Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903.

Tafkin kansa yana cikin matsala. Tun 2011 wata ciyawa mai kama da kainuwa, da ake kira emboch, take mamaye shi. Sannan a Agustan 2023 faɗa ya ɓarke a birnin tsakanin sojojin tarayya da mayaƙan Fano, har aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar. Mai niyyar zuwa yana buƙatar sanin halin tsaro kafin ya tambayi na hadari.