Dacewar Furosesa da Babban Allon Kwamfuta: Abin Lura Kafin Sabunta Tsohuwar Kwamfutar Tebur

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, babban allo kuwa, wanda masu gyara ke kira madabod, shi ne shimfiɗar da kowane sashe ke zaune a kanta. Allon ne ke yanke iyakar furosesar da kwamfuta za ta iya ɗauka. Saboda haka duk mai son ƙara wa tsohuwar kwamfutar ofis ko ta shago ƙarfi, allon zai fara bincika kafin ya fitar da kuɗi. Abubuwa huɗu ake dubawa: soket, cifset, BIOS da ƙarfin wuta.

Soket

Soket shi ne gurbin da furosesa ke zama a cikinsa. Kamfanin Intel yana yawan sauya shi. LGA 775 ya fito a 2004, LGA 1155 a 2011 don zubi na biyu da na uku na jerin Core, LGA 1150 a 2013 don zubi na huɗu, LGA 1151 a 2015, LGA 1200 a 2020, sai LGA 1700 a 2021. Lambar tana nuna adadin tsinkayen da ke cikin gurbin. Furosesar 1150 ba ta shiga gurbin 1155 duk da kusancin lambobin, kuma tilasta ta yana lanƙwasa tsinkayen, allon ya lalace. Kamfanin AMD ya fi daɗewa a kan gurbi ɗaya: AM4, wanda ya fito a 2016, ya ɗauki Ryzen tun daga jerin 1000 har zuwa 5000.

Cifset

A nan ne akasarin masu saye ke yin asara, domin furosesa tana iya zama daram a gurbinta amma kwamfutar ta ƙi tashi. Cifset shi ne ɗan guntun da ke haɗa furosesa da sauran sassan allo. Zubi na shida zuwa na tara duk suna amfani da LGA 1151, amma na takwas da na tara ba sa aiki sai a allon da ke da cifset na jerin 300. Haka ma Dell OptiPlex 790 da 990, waɗanda ake yawan samu cikin kwamfutocin hannu da ake shigowa da su: gurbinsu 1155 ne, sai dai cifset ɗinsu, Q65 da Q67, ba ya karɓar zubi na uku. Mai irin wannan kwamfuta yana iya sa Core i7-2600, amma i7-3770 sai a OptiPlex 7010 da makamantanta.

BIOS

BIOS ita ce ƙaramar manhajar da ke cikin allo, wadda ke gane furosesa da zarar an kunna kwamfuta. Allo mai cifset H61, alal misali, yana ɗaukar zubi na uku, amma da yawa sai an sabunta musu BIOS tukuna. Ana yin sabuntawar ne tun tsohuwar furosesa tana ciki. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aikin, allon na iya mutuwa, don haka kada a fara sai kwamfutar tana jone da UPS ko inbata.

Wuta da zafi

Kowace furosesa tana da ma'aunin zafin da take fitarwa. Na i7-2600 wat 95 ne, na i7-3770 wat 77. Kwamfutoci masu siririn akwati suna zuwa da ƙaramar fanka da ƙaramin akwatin wuta, kuma a zafin bazara furosesar da ta fi ƙarfin fankarta takan rage gudu ko ta kashe kanta. A goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, a shafa sabo.

Matakan bincike

A fara da lambar samfurin kwamfutar ko ta allon, wadda ke rubuce a jikinsu. Manhajar CPU-Z, wadda kyauta ce, tana nuna soket, cifset da zubin BIOS. Daga nan a nemi jerin furosesoshin da allon ke karɓa a shafin kamfanin da ya ƙera shi. Wadda ba ta cikin jerin, kada a saye ta sai mai kaya ya gwada a gaban mai saye.

Yaushe ya fi kyau a haƙura

Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana buƙatar TPM 2.0 da Intel zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama. Ke nan allon 1155 ko 1150 ba zai cika wannan sharaɗi ba, ko wace furosesa aka ɗora masa. Sauya allo kuma yakan jawo sauya RAM, domin DDR3 ba ta shiga ramin DDR4. Idan nawar kwamfuta ce kawai damuwar, maye gurbin tsohon faifan ajiya da SSD tare da ƙara RAM yakan fi sabuwar furosesa tasiri a aikin ofis na yau da kullum.