Ina MSN, ina Hi5, ina 2go? Tarihin zaurukan da muka tashi muka bari



Ranar 5 ga watan Mayu na 2025 kamfanin Microsoft ya rufe Skype. Labarin ya wuce shiru, ko a fada ba mu ji an tsaya kansa ba. Alhali Skype ɗin nan, da aka ƙirƙiro a 2003, shi ne hanyar farko da da yawanmu muka ga fuskar ɗan uwa mai karatu a Aljeriya ko Maroko yana magana, hoton na tsayawa yana tafiya. A 2011 Microsoft ya saye shi kan dala miliyar 8 da rabi, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Shekara goma sha huɗu bayan haka aka sa mishi kwaɗo. Shi ya sa muka ce yau bari mu waiwaya mu ga sauran da suka riga shi tafiya, da abin da ya kashe su.

Wanda bai kai shekara talatin ba da wuya ya gane mene ne zuwa sibar. Tsakanin 2000 da 2010 intanet wuri ne da ake tashi a je, kamar kasuwa ko tasha. Ka tara kuɗin kalacinka na lakwal, ka je ka biya awa guda ko rabi, mai sibar ya nuna maka kwamfuta, agogo ya fara ci a kusurwar allo. Sau da yawa mutum uku ke haɗa kuɗi, ɗaya na bugawa, biyu na tsaye bayansa suna gaya mishi abin da zai rubuta. Hoto guda ya riƙa saukowa daga sama layi-layi, ka ga goshi, ka jira, ka ga ido. In aka ɗauke wuta kuwa, shi ke nan, awarka ta tafi.

Cikin wannan awa ne muka san Caramail, zauren hira na Faransa da aka buɗe a 1997 kuma ya rufe a 2009. Muka san Yahoo Messenger, da kuma uban tafiya, MSN Messenger, wanda Microsoft ya fitar a 1999. Wa ya manta da Wizz? Ka rubuta "slt cv", a yi maka shiru, sai ka danna maɓalli allon wancan ya girgiza da ƙara, duk sibar ta san ana neman shi. Sunan da mutum ke sa wa kansa ma aiki ne: taurari, zukata, haruffa manya da ƙanana a cakuɗe, ga taken waƙar da yake saurare a ƙasa. Sai Hi5, wanda saƙon gayyatarsa ke cika maka akwati tun ba ka san mene ne ba. Sai Skyblog, da gidan rediyon Skyrock na Paris ya buɗe a ƙarshen 2002. Mu ma'aikatan rediyo wannan yana burge mu har yau: gidan rediyo ne ya ba matasan ƙasashe masu Faransanci wurin da za su rubuta nasu da hannunsu. Kowa da shafinsa, hoton abokan aji, hoton sallah, a ƙasa an rubuta "lâche tes coms", wato zuba naka sharhi.

Daɗin ya yi, ba mu musu. Amma mu faɗi gaskiya kan su wa ke cikin zauren. Sai kana birni. Sai ka yi lakwal har ka iya buga Faransanci. Sai kana da adireshin imel da lambar sirri, da kuɗin awa. Ƴan mata ba su da yawa, don ba kowane gida ke barin yarinya ta je ta zauna sibar da marece ba. Iyayenmu ba sa ciki. Manomin Dakoro, mai sayar da albasa a Galmi, malamin allo a Mirya, duk ba sa ciki. Su hanyarsu ita ce rediyo: shirin gaishe-gaishe, sanarwar rasuwa, cigiyar ɗan da ya tafi bida bai aiko ba. In muna kewar wancan zamani, zauren ƴan kolej da lise muke kewa, kuma ƙanƙantarsa na cikin abin da ya sa ya yi daɗi. Babu kawu da zai ga abin da ka rubuta.

To me ya kashe su?

Mu fara da MySpace, don labarinsa ya fi kowane bayyana. Tom Anderson da Chris DeWolfe suka kafa shi a Amurka a 2003, ya zama gidan mawaƙa: kowa na iya sa waƙarsa a shafinsa duniya ta ji. A 2005 kamfanin News Corporation na attajirin jarida Rupert Murdoch ya saye shi kan dala miliyan 580. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi so yake su dawo da sauri, sai aka cika shafin da talla. Ga shi kuma an bar kowa ya ƙawata shafinsa yadda ya ga dama, da kiɗa mai tashi da kansa da hotuna masu walƙiya, har shafi ya yi nauyin da ko a Turai sai an jira, balle mu nan. A daidai lokacin Facebook ya buɗe ƙofa ga kowa a 2006, ya fito da Faransanci a 2008. Shafinsa fari ne, marar nauyi, kuma yana neman sunanka na gaskiya. Wannan ƙaramin abu ya yi aiki: a MSN ba ka iya gano abokinka na firamare in ba ka san sunan da ya laƙaba wa kansa ba, a Facebook sunan da aka raɗa mishi kawai za ka buga. A 2011 aka sayar da MySpace kan kusan dala miliyan 35. Ku lissafa faɗuwar da kanku. A shekarar ce kuma aka sayar da Hi5 ga kamfanin Tagged, bayan ya yi ƙoƙarin komawa gidan wasanni abin bai karɓu ba.

Mu da muka san fada mun san yadda irin wannan mutuwa take. Fada ba benci ba ce, ba butar shayi ba ce. Ranar da mutum biyu masu daɗin hira suka koma wata kusurwa, sati guda ya isa sauran su bi su, benci na nan, buta na nan, amma ba kowa. Babu wanda ya yi shelar barin Hi5. Ka shiga yau ka tarar mutum uku, gobe ɗaya, jibi kai ma ba ka koma ba. Kuma kuɗi ba sa sayen jama'a: Google da duk ƙarfinsa ya buɗe Orkut a 2004 ya rufe a 2014, ya buɗe Google+ a 2011 ya rufe a 2019.

Amma a ganinmu babban abin da ya yi musu illa, musamman a ƙasashe irin namu, shi ne salula. An gina MSN da Skyblog da Hi5 don mai zaune gaban kwamfuta. Mu kuwa ba mu taɓa zama al'ummar kwamfuta a gida ba, daga sibar muka yi tsalle zuwa waya. Ku tuna shekarun da Celtel ta koma Zain a 2008, shekarar da Orange ta shigo, sannan Zain ta koma Airtel a 2010. Intanet ya bar sibar ya shiga aljihu, kuma duk zauren da bai iya shiga ƙaramar Nokia ba ya zauna a baya. Microsoft ya tattara MSN ya zuba cikin Skype a 2013. Yahoo Messenger ya ja har 2018.

Wanda ya fara gane wannan daga Afirka ya fito. 2go, wanda wasu samari biyu ƴan Afirka ta Kudu suka ƙirƙiro, yana aiki a wayoyi masu maɓalli kuma ba ya cin kuɗi sosai. A Najeriya ya yi tashe ƙwarai, daga can ya tsallako mana, musamman Maraɗi da Konni da garuruwan bakin iyaka inda ake da layi biyu a aljihu. A ɗakunan hirarsa ne da yawanmu muka fara rubuta Hausa a intanet, muna muhawara da ƴan Katsina da Kano kan waye ke da Hausa ta asali. Yana ba da tauraro gwargwadon daɗewarka a ciki, har wasu su kwana da waya a kunne don a ƙara musu girma. Shi ma da wayoyin Android suka yi arha ya yi nawa, jama'a suka wuce. BBM kuwa girman kai ya ci shi. Na masu BlackBerry ne kaɗai, ba da lambar PIN ma alama ce ta ka isa. Sai a ƙarshen 2013 suka yarda suka buɗe wa sauran wayoyi, lokacin an riga an tashi daga kasuwa. An rufe shi a watan Mayu na 2019.

WhatsApp, da Jan Koum da Brian Acton suka kafa a 2009, bai nemi imel ba, bai nemi sunan ƙarya ba. Lambar wayarka ta isa, kuma duk wanda ke cikin wayarka ya riga ya zama naka. A 2013 ya ƙara abin da mu nan ya canza komai: vokal. Danna ka yi magana. Daga nan ba a ƙara tambayar ko ka yi lakwal ba. Tsohuwa a ƙauye na aika wa ɗanta a Libiya ko Abijan murya da Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek, ɗan kasuwa na jin farashin wake a Dawanau kafin ya ɗora kaya, wa'azi da sanarwar biki na yawo gurup-gurup. Mu kanmu a rediyo yau rabin saƙon masu saurare da murya yake zuwa. Tsofaffin zaurukan ba su da amsar wannan, don ba su taɓa tunanin mutumin da ba ya rubutu ba. Tare da jama'a kuma ji-ta-ji-ta ta shigo: muryar da ba a san mai ita ba na iya tada hankalin gari guda kafin azahar. Wannan ma na cikin abin da ke sa wasu kewar lokacin Wizz.

Akwai abu guda da ba mu cika magana kansa ba, kuma shi ya fi ci mana rai. Ina kayanmu da ke ciki? A 2019 MySpace ya amsa cewa wajen sauya ma'ajiyarsa ya yi asarar waƙoƙin da mutane suka sa tsakanin 2003 da 2015, abin da aka ƙiyasta ya kai waƙa miliyan 50. Ku tuna shekarun nan su ne lokacin da rap na Nijar ke ganiyarsa, zamanin su Kaidan Gaskiya da Lakal Kaney da Wass-Wong, da ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi na unguwa da ba su taɓa fitar da kaset ba. Duk yaron da ya biya situdiyo ya sa waƙarsa can, bai ajiye wani kofi ba, ta tafi. Haka hotunan bikin cin buruve, hotunan abokan da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya, suna cikin shafin da ba ma tuna lambar sirrinsa, ko gidan ma an rushe shi. Wasiƙun da kakanninmu suka rubuta da ajami har yau ana samunsu cikin adaka. Namu rubutun na shekara ashirin kacal ya ɓace, don a gidan haya muka ajiye shi, mai gida kuma bai taɓa yi mana alkawarin komai ba. Yau ma tarihin unguwanninmu, muryoyin tsofaffinmu, sanarwar haihuwa da ta rasuwa, duk suna cikin WhatsApp da Facebook, kuma tun 2014 mai gida ɗaya ne ke da su biyun.

Skyblog ne kaɗai aka yi wa sutura ta mutunci. Da za a rufe shi a watan Agusta na 2023, saboda dokokin Turai na kare bayanan mutane, an ba jama'a lokaci su kwashe nasu, sai dai nan da yawa ba su ma ji sanarwar ba. Babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa da cibiyar INA mai ajiye kayan rediyo da talabijin suka kwafe miliyoyin shafuka suka adana a matsayin tarihi. Ke nan mai yiwuwa ne shafin da wani ɗan lise na Damagaram ya rubuta a 2007, da hoton abokansa da kurakuran Faransancinsa, yana nan lafiya lau a wata ma'ajiya a Paris. Masu bincike na iya zuwa can su karanta. Shi mai shafin, in yana son gani, sai ya nemi biza.